Amalanken Ragab Mai Wake

A unguwar bayan tashar jirgin ƙasa ta Asyut, a ƙasar Masar, da wuya ka sami wanda bai taɓa karya kumallo da waken Ragab ba. Tun yana saurayi yake tura amalanke da tulun tagulla, wanda wake ke kwana a ciki yana nuna, ga gurasa mai zafi. Allah ya sa albarka har ya buɗe shago, yara da manya suna ce masa Ammu, wato baffa.

Shi dai Ragab bai iya tara dukiya ba. Duk shekara in azumi ya ƙarato, sai ya ware kaso daga ribarsa, ya sa kafinta ya ƙera sabon amalanke, ya haɗa da tulu da buhun wake, ya miƙa wa wanda talauci ya danne.

Matarsa Nawal takan ce, "Hajji, kowa na gudun mai ƙwace masa kasuwa, kai kuwa da aljihunka kake ƙera su!"

"Bakunan garin nan sun fi ƙarfin ludayina, Nawal."

Wata shekara rabo ya faɗa kan Ummu Gamal, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, tana wankau a gidajen mutane. Ta kafa amalankenta a bakin kasuwa. Ashe matar nan akwai hannu: tafarnuwa, lemun tsami, da wani yaji da ta gada wurin kakarta. Kafin Babbar Sallah layinta ya fi na Ragab tsawo.

Da ya ji har direbobin da suka tsufa a kan bencinsa sun koma can, sai ya zura jallabiya, ya je ya bi layi kamar kowa. Tana ganin sa ta daburce.

"Ammu Ragab, wallahi ba ni na kira su ba!"

"Zuba mini, 'yata, in ji abin da ya ruɗi maciya amanar nan."

Direbobi suka sunkuyar da kai suna dariya. Ya ci, ya suɗe kwanon da gurasa. Can ya ce, "Kai, suna da gaskiya. Ƙaro!"

Tun daga ranar a wurinta yake karyawa. Ta daina wankau, ta mayar da 'ya'yanta makaranta. Kullum da safe sai sun yi rigima, ta rantse ba za ta karɓi kuɗinsa ba, shi kuma ya cusa ƙarƙashin kwano, ya tattare jallabiya ya ranta a na kare da tsufansa, 'yan layi na yi masa ihu.