Ƙwan Turawa da Geron Tudu

Shekarar da 'yata ta fara karatun Turanci a kwaleji, tuwo ma ba ma ci sai da karin maganar Turawa. Ni dai in ce Allah ya kyauta.

Da damina ta kawo jiki, na yi niyyar zuba taki da ƙarfina duka a shinkafar fadamarmu ta Auyo, in bar gonar tudu ta huta. Sai ta ce, "Baba, Turawa fa na cewa kada ka zuba ƙwanka duka a kwando ɗaya."

Na ce, "Ke, wane Bature ne ya taɓa dasa shinkafa a bakin kogin nan?"

Amma maganar ta tsaya mini a rai. Na je na shuka gero a tudu, ina mita.

Ruwa na yin nisa kogi ya cika ya batse, ya shanye shinkafar. A kwalekwale na ratsa ta kanta. Geron kuwa ya yi zangarniya son kowa.

Ranar da rumbu ya cika na yi ajiyar zuciya. 'Yata ta buɗe baki ke nan na riga ta: "Na ji, Malama. Kwando biyu."