Gyaran da Ya Yi Yawa

Shekara talatin da biyu Baba Mai Gyara ya yi yana gyaran talabijin, kuma ba abin da ya tsana a duniya kamar ɗigo-ɗigon nan fari da baƙi da ke cika gilashi idan tasha ta ɓace. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, da ya ji "shuuu" sai ya tsallake mai gida ya nufi akwatin. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji.

Autarsa kimiyya ta karanta. Wata makaranta ta kira ta gwajin aikin koyarwa: darasi ɗaya a gaban shugabar makarantar, in ya yi kyau aiki ya samu. Sai ta zaƙulo wata tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya a ƙarƙashin teburin shago, ta kunna, ta ji tana shuuu, ta ce, "Baba, wannan nake so gobe."

Shi kuwa ya ga abin kunya ne 'yar mai gyara ta shiga aji da akwati a haka. Tana ba da baya ya kwance shi, ya dasa masa na'urar kama tashoshin zamani a ciki, bai gaya wa kowa ba.

Da safe shi ya ɗauko mata akwatin har aji, ya laɓe a taga yana jiran yabo. Auta ta kunna. Sai ga tallan sabulu, tangaran! Aji ya kwashe da dariya, ita kuwa idonta ya ciko.

"Baba, me ka yi?"

"Gyara mana."

"Ai shuuu ɗin nake so! A cikin ɗigon nan akwai ɗan ragowar hasken da ya cika sararin samaniya tun farko, tun babu rana babu wata. Eriya ke kamo shi."

Baba ya leƙo ta taga. "Yanzu abin da ya girmi rana nake ta kora?"

Kunya ta kama shi, amma hannunsa bai yi nawa ba. Ya shigo, ya zaro sukurdireba, ya cire na'urar da ya dasa, minti uku sai ga ɗigo ya cika gilashi. Ɗalibai suka zuba ido, shugaba ta jawo kujerarta kusa, Auta ta shiga bayani.

Da aka tashi shugaba ta ce, "Ki fara ran Litinin, a bar mana akwatin nan. Amma wa zai riƙa duba shi?"

Auta ta riƙo hannun mahaifinta tana dariya. "Kowa ma, ranki ya daɗe, ban da Baba."