Ƙwaryar Geron Hajiya Dije

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Dije ta shigo ofishina da ƙwaryar gero ba. Wata Talata ce bayan Babbar Sallah, saura shekara biyu in ajiye aiki. A lokacin ni ne babban edita a wani ƙaramin kamfanin ɗab'i da ke wajen Tukur-Tukur, wanda yanzu ma babu shi.

Ga wanda bai san aikin ba, edita shi ne mai karanta rubutu kafin a buga, ya gyara, ya rage. Injinmu shafi goma sha shida yake bugawa a kan babbar takarda guda, sannan a naɗe a yanke. Don haka in littafi ya ɗara lissafin, ko a cike ko a rage. In an gama gyara, ƙa'ida ita ce a kai wa marubuci gwajin bugu ya karanta ya sa hannu. Sai da hannunsa ake kunna inji.

Hajiya Dije 'yar Ƙofar Kibo ce. Shekara talatin ta yi tana dafa abinci a makarantar kwana ta 'yan mata, boko kuwa a ajin yaƙi da jahilci ta koya. Ta kawo mana labari rubuce da biro a littattafan makaranta huɗu, labarin binciken kisa, mai binciken kuma mace ce, Sufeto Asabe. A cikin labarin, an wayi gari wani dattijo mai sayar da fata ya rasu, kowa ya ɗauka ciwo ne, aka kai shi da hantsi. Maƙwabta suka fara aiko da abinci kamar yadda aka saba, tunda gidan rasuwa ba ya hura wuta. Cikin abin da ya iso a safiyar har da koko bokiti uku daga gidan wata Iya Mairo. Sufeto ta sha ludayi biyu ta ajiye. Daga nan ta bi gidajen masu koko na unguwa ɗaya bayan ɗaya, tana zama a tsakar gida, ana hirar jiƙo da markaɗe da tata, da wadda take yawan citta da wadda take yawan kanumfari. A ƙarshe ta koma wurin Iya Mairo ta yi mata tambaya ɗaya: "Iya, yaushe kika jiƙa geron nan?" Tsohuwa ta fashe da kuka. Nan littafin ya ƙare.

Na zauna a Khartoum da Alƙahira, na yi aiki a Yamai, na yi kwas ɗin ɗab'i a Ingila, kuma duk inda na je ina karanta irin waɗannan littattafai da harshen mutanen wurin. A na Ingilishi, in ka ga an daɗe ana maganar shayi, to akwai guba a ciki. A na Faransanci, mai bincike yakan zauna ya ci ya sha ne don marubuci ya huta. Na ɗauka abinci a labarin bincike ko dai guba ne ko ado. Na duba kokon Iya Mairo, bayan mutuwar ya zo, ba mai guba ba ne. Sai na yanke cewa ado ne, tsohuwar kuku ce ta kasa rabuwa da madafa.

Da aka tsara littafin sai ya tashi shafi ɗari da talatin da tara. Dole a dawo da shi ɗari da ashirin da takwas. Na ɗauki jan biro na zare yawon gidajen masu koko gaba ɗaya, shafi goma sha ɗaya. Ƙarshen kuma da na ga bai yi ƙarfi ba, sai na cire tambayar, na rubuta sakin layi biyu da hannuna: Sufeto ta leƙa ƙarƙashin gadon Iya Mairo ta ciro kwalbar guba.

Hajiya tana kwance a asibiti a makon, ciwon suga ya taso mata. Na ce wa manajanmu a jira ta fito ta ga gwaji. Ya ce, "Malam, littattafan firamare suna layi, inji ba zai zauna jiran tsohuwa ba. Kai da ka karanta na Turawa, ita za ta fi ka sani ne?" Maganar ta yi min daɗi. Na sa hannu a madadinta.

Sati uku bayan littafin ya fito ta zo. Ta rame, tana dogara sanda. Ta yi sallama, ta ajiye ƙwarya a kan takarduna, cike da busasshen gero.

"Malam Edita, ƙarfe nawa yanzu?"

"Goma ta wuce, Hajiya. Ya jiki?"

"Jiki da sauƙi. Ga gero. Ka dama min koko kafin azahar."

Na yi dariya, na ce ai ni ban iya ba.

"To ka aika gida, uwargida ta dama."

Na kira maiɗakina a waya, Hajiya tana ji. Maiɗakina ta ce, "Yau? Kai ma dai! Sai an jiƙa ya kwana, gobe a kai markaɗe, a tace, a bar gasarar ta kwanta ta yi tsami. Jibi da safe dai, in Allah Ya kai mu."

Na ajiye wayar. Hajiya ta ce, "Mutum ya mutu da asuba, koko bokiti uku ya iso da hantsi. Sufeto ta bi masu koko kaf, ba wadda ta sayar wa Iya Mairo da gasara, kuma yajin na gidanta ne. To yaushe ta san za a yi makoki? Kowace mace a birnin nan da ta kai shafin nan sai gabanta ya faɗi. Abin da na rubuta ke nan, Malam. Wa ya sa kwalba a ɗakin Iya Mairo?"

Na ce ni ne.

"Matan unguwarmu sun taru jikata ta karanta musu. Ɗaya ta ce, 'Dije, ashe fim ɗin Indiya kika kwafo?' Ni da na yi shekara shida ina rubuta shi." Ta miƙe da ƙyar. "An ce ka ci abincin ƙasa bakwai. Ka taɓa tambayar mahaifiyarka yadda ake yin abin da ta shayar da kai kowace safiya?"

Ban taɓa ba. Ta bar min ƙwaryar ta tafi.

Na roƙi manaja a sake bugawa yadda ta rubuta. Ya ce sai bugun farko ya ƙare. Bai ƙare ba. Ba wadda ta gaya wa ƙawarta ta nema, kwalaye suka zauna a sito har gara ta shiga. Na je gidanta sau biyu da shafukan nan goma sha ɗaya, na ce zan nemi wani kamfanin. Ta karɓe ni da mutunci, ta ce ta yafe, amma a bar maganar, idonta ma ba ya ganin rubutu yanzu.

Da damina Hajiya ta rasu. Na je Ƙofar Kibo aka yi jana'iza, muka zauna a tabarma a ƙofar gida. Aka fito da abin da maƙwabta suka aiko: kunun tsamiya ne, irin wanda ake damawa da gari nan take. Ran sadakar uku na koma, sai ga koko, bokiti-bokiti. Aka zuba min a kofi, na riƙe shi har ya huce ban iya sha ba. Shekara sittin da wani abu ina zaman makoki a garin nan, ban taɓa lura ba.

Ku da kuke kan aikin yanzu, abin da na koya ke nan, a makare. Shafin da edita ya fi saurin yankewa shi ne wanda bai gane ba, kuma sau da yawa nan ne marubuci ya ajiye abin da shi kaɗai ya sani. In kun ga marubuciya ta daɗe a madafa cikin labarinta, ku tashi ku je ku tambaye ta dalili. Kada kuma ku sa hannu a madadin kowa, ko inji zai yi wata a kashe. Shafukanta suna nan a akwatina, da jan layina a kan kowanne.