Sulken Kakan Baba

Jama'a, daga asibiti nake rubuto muku. Jinin ƙanena Awudu ko bushewa bai yi a rigata ba.

Da safe muna kwashe kayan ɗakin marigayi Baba a unguwar Nima, sai ga sulke a ƙasan adaka. Rigar yaƙi ce ta zobban ƙarfe, duk ta yi tsatsa. Tun muna yara ake cewa ta kakan Baba ce, wai ƙarfe ba ya cin wanda ya sa ta.

Awudu ya zura ta, ya fita bakin layi. Ya ce wa abokinsa Sule mahauci, "Cale, abokina, soka mini wuƙarka."

Na ce, "Awudu, kanka ɗaya kuwa?"

Sule ya ƙi. Samari suka dinga zuga shi, har ya soka masa a haƙarƙari. Wuƙar ta shige. Innalillahi!

Yanzu likitoci na kan Awudu, Sule na hannun 'yan sanda.

Goggo, yayar Baba, ta iso tana dogara sanda. Ta karɓi rigar ƙarfen daga hannuna, ta zura yatsu a wata tsohuwar huda dab da sabuwar.

Ta ce, "Wa ya ce muku tana tsare mutum? A cikinta aka kawo gawar kakanmu."