Ranar da Aka Auna Turancin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya dawo garinmu Tafoki a shekarun da kuɗin mai suka fara juya wa mutane kai. Shekara ashirin da biyu ya yi a jiragen ruwan Turawan Ingila. Da dako ya fara a tashar jiragen Ikko, daga baya suka ɗauke shi yana goge benen jirgi yana jan igiya. Ya dawo da akwatin ƙarfe guda, da tari, da bakin da ba ya gajiya.

Mutanen da ruwan da suka sani bai wuce rafi da rijiya ba, su yake tarawa a gindin ɗorawa yana koya musu jirgi. A jirgi, in ji shi, hannun dama sitabod ne, hagu fot. Ɗakin girki gali, shugaban ma'aikata bosin. In abu ya ba shi mamaki sai ya ce bulaimi. Labarin da ya fi so shi ne na ranar da jirgin Sarauniya ya shigo tashar da suke. Kwana uku suna fenti, aka jera su a bene, aka busa usur, suka cire huluna suka yi ihu sau uku. Ya ce ya ga hannunta cikin farar safa. Hannun kawai, don wani dogon Bature aka tsayar a gabansa.

Ni ne malamin firamare a lokacin, kuma kafin ya dawo ni kaɗai nake da Turanci a garin. Na ƙi jininsa, ba zan ɓoye ba. Wata rana ina karanta wa mai gari takardar Turanci, Kawu ya tuntsire da dariya a gaban jama'a ya ce, "Ɗana, wanga Turanci naka na allo ne. Bature bai magana haka." Na haɗiye maganar, amma ban manta ba.

Ana nan sai aka ce kamfanin da zai gyara hanya zai turo Baturensa, kuma ana neman wanda zai tsaya ya yi magana da yawun gari. Kawu ya sa rai ƙwarai. Ya yi aski, ya ba da rigarsa wanki, yana ta bitar gaisuwa shi kaɗai a zaure. Wasu suka ce ai aikin malamin makaranta ne. Mai gari ya ce a raba gardama, in ɗauko babban ƙamus na makaranta, Kawu ya faɗi kalmominsa a duba. Kawu bai iya karatun boko ba, amma ya amince da murna.

"Sitabod," in ji shi, yana murmushi.

Na buɗe. Ga ta nan, yatsana a kanta, da ma'anarta daidai yadda ya sha faɗa. Na ɗago kai na ce wa mai gari, "Babu ta, ranka shi daɗe."

Kawu ya ce bosin. Tana nan, na ce babu. Ya ce gali, na juya shafuka a hankali don a ga na yi ƙoƙari, na girgiza kai. Ya kawo wata, ya kawo wata, har da kalmar ihun da suka yi wa Sarauniya, ni kuwa ina ta babu. Daɗi na ji, wallahi daɗi na ji.

Sarkin fawa ne ya fara. "Baba, ko dai yaren kifi ka koyo muna?" Wuri ya kece da dariya. Wani ya ce da ma shi bai taɓa yarda akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba. Wani ya ce hannun da Kawu ya gani ma wataƙila na kuku ne. Kawu ya tashi ya nemi takalminsa ɗaya ya rasa, ya tafi da ɗaya a hannu.

Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofata. Na fito a shirye, don na ɗauka zagi ya kawo. Sai ya tsuguna, dattijo da furfurarsa, ya kira ni da sunan da bai taɓa kirana da shi ba.

"Malam, don Allah ka ƙara dubawa. Ko guda ɗai."

Na ce na duba da kyau.

Sai ya ce, "To ke nan ba Turanci sunka koya mani ba? Shekara ashirin da biyu, muna ci tare, muna jan igiya guda, ashe wasa sukai da ni?"

Ƙamus ɗin yana kan tabarma a bayana, taku biyu. Na ce, "Sai haƙuri, Kawu. Haka Turawa suke."

Ya share ido da bakin rigarsa, ya ce, "Allah shi yi maka albarka da ka hwaɗa mani gaskiya."