Sunan da Mainasara Bai Faɗa Ba

Yayana Mainasara mahauci ne, shekara talatin yana yankan nama a kasuwar Daura. A wajen ciniki bakinsa ba ya mutuwa, amma a gida kunya gare shi irin ta mutanen da. 'Yarsa ta fari, Haulatu, bai taɓa kiran sunanta ba. Tana ƙarama "waccan" yake ce mata, da ta yi aure a garin Sandamu ta koma "ta Sandamu". Mu kuwa har alfahari muke yi da wannan hali nasa.

A daminar 2018 ya fara fitsarin jini. Ni na raka shi asibiti a Kano, tunda ni ne mai ɗan boko a gidanmu. Hoto ya nuna ƙari a ƙodarsa ta hagu. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta sa doguwar allura ta ciro ɗan nama siriri kamar zare.

Mainasara ya dube shi ya ce, "Likita, wannan ai ko kyanwa ba za ta waiwaye shi ba. Me za ki gani a ciki?"

Ashe akwai abin gani. Bayan sati uku ta zaunar da mu ta ce ciwon daji ne, irin wanda ba a cika samu ba, mai saurin yaɗuwa, kuma gadonsa ake yi. Ta ce a kawo duk 'ya'yansa a duba su, don in an kama shi yana ƙarami ana iya cire shi. Ta ɗauki biro ta ce ya faɗi sunayensu.

Ya lissafa: Nu'uman, Jibril, Rauda, Siddiƙa, Audi.

"Su ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Su ke nan."

Ina tsaye a gefensa, na san shida ne. Wallahi har murmushi na yi, na ce a raina, Yaya da kunyarsa! Na ce zan je Sandamu da kaina in gaya wa Haulatu, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga Daura. Sai jinya ta ɗauke mana hankali, ban je ba har ya rasu kafin babbar salla. Aka duba biyar ɗin, aka ce lafiyarsu lau, ni kuma na saki jiki kamar an gama.

Bayan shekara biyu Haulatu ta fara ramewa. Muka koma wajen likitar nan, ta ce ciwon ya riga ya kai huhu. Ta buɗe tsohon fayil ta karanta sunaye biyar, sannan ta ɗago ta kalle ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A mota na gaya wa Haulatu komai, ina jira ta zage ni.

Can ta ce, "Baffa Abbas, ai Baba ba zai iya faɗin sunana a gaban baƙuwa ba. Ban riƙe shi ba."

Na ce haka ne.

Ta gyara mayafinta, ta tambaye ni a hankali, ba da faɗa ba. "To kai fa, Baffa? Kai ai kana kiran sunana."