Bakin Sa'ada da Injin Hajiya Uwaliya

Sa'ada taubashiyata ce, 'yar kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta ba mai kai ni ƙara. A Kutama aka haife mu, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa. In aka ɗora mana tallan ƙosai, kafin in gama sallama a gida ɗaya ta sayar da nata ta dawo ta karɓe nawa. Har wanda ya ƙone sai ta ce ai shi ne mai ƙamshi, kuma a saya. Ta yi karatu har kwaleji, ta yi aure a cikin garin Gwarzo, ta zauna shekaru ba aiki sai surutun da take rabawa kyauta gida-gida.

Bana sai ga wani kamfanin inshorar Musulunci, wadda ake ce wa takaful, yana neman wakilai a yankinmu. Aka ɗauke ta. Wayyo, zo ka ga rawar kai! Aka ba ta wata koriyar riga mai sunan kamfani, ta ɗora a kan hijabi, ko cefane za ta sai da ita. Amma aikin na gwaji ne. Manaja ya ce mata in kaka ta wuce ba ta kawo mutane ba, ta dawo masa da rigarsa.

A wajen horo a Kano an koya musu abu biyu: su fara da dangi da 'yan unguwa, sannan kada su ce wa mutum ya saya, su sa ya ga asarar da idonsa tukun. Ita kuwa baiwar tawa, kamar yadda nake kiranta a wasan taubasai, ta ɗauki na biyun nan ta rungume.

Da Hajiya Uwaliya ta fara, mai injin markaɗe a Getso, ƙawar mahaifiyarta. Ina wajen. Ta zauna ta gyara riga ta ce, "Hajiya, ki ɗauka gobe da hantsi injin nan ya kama da wuta. Hayaƙi ya turnuƙe, bel ya narke, rumfar ta ci ƙurmus, ke kuma kina tsaye hannu a ka." Ta zana wutar nan har sai da na ji zafi a fuskata. Kuma duk tsawon bayanin, ko sau ɗaya ba ta ce Allah ya kiyaye ba, ba ta ce ba fata take yi ba. Wa ke ambaton masifa a kan dukiyar mutum haka tsirara? Na taka mata ƙafa, ta ce in daina taka ta tana aiki. Hajiya ta ja a'uziyya ta ce mu gaida gida.

Satin bai fita ba injin ya kama da wuta. Da hantsi kuwa.

Da ta tsaya nan da da sauƙi. Ina! Ta wuce Kabo wajen Malam Jalo mai kiwon sa, ta kwatanta masa yadda san nan zai kumbura ya faɗi ƙafafu sama. Ba a jima ba sa ya haɗiyi leda, cikinsa ya kumbura, da ƙyar aka samu wuƙa ta riga shi.

Shi ke nan, suna ya fita: Sa'ada mai baki. In ta shigo lungu sai ka ga mata suna kora awaki bayan ɗaki. Wata ta lulluɓe keken ɗinkinta da zane kamar mai zazzaɓi. Surukarta da kanta ta ce, "'Yar nan, in kin shigo ki gaida ni, amma ki bar kajina, lafiyarsu ƙalau." Mai shagon bakin titi ya riƙa miƙo mata magi ta taga. Ni dai na sha dariya har cikina ya ƙulle, na ce baiwata ta zama abin tsoro, a ba ni ita haya in riƙa razana masu cin bashin adashi.

Ita fa ba dariya take ba. An fara yankan gero, an shiga roron wake, manaja na kira tana cewa nan gaba kaɗan, kuma ko mutum ɗaya ba ta rubuta ba. Ta zo ɗakina ta yi kuka sosai, na ji tausayinta ƙwarai. Ta ce, "Badi'a, tunda bakina ne matsalar, na rufe shi."

Ranar sunan jikar Hajiya Zinnira a Kabo muka tafi tare. Hajiya Zinnira mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ce, tana da firiza babba a tsakar gida, duk abincin gidan daga nan yake fitowa. Sa'ada ta samu gefen tabarma ta zauna da koriyar rigarta, ta yi gum. Aka fito da jaririya ana zagayawa da ita hannu-hannu, kowa ta ɗauka ta sa albarka. Da aka zo kan Sa'ada sai aka tsallake ta aka miƙo mini. Ta ga abin, ta kawar da kai don kada a ga idonta ya ciko. Tsautsayi, inda ta kawar da kan nan, firizar ce a wajen.

Hajiya Zinnira ta yar da ludayi ta taho a guje. "Sa'ada, don girman Allah ɗauke idonki! Rubuta ni! Ko nawa ne rubuta ni, kada dai ki ce komai!"

Kafin ka ce me, mata sun yi mata rumfa. Wannan na cewa a rubuta keken ɗinkinta, waccan na cewa tumakinta, wata tsohuwa har da agwagwa. Kowa sharaɗinta ɗaya, a rubuta ta amma kada a ambaci kayan da baki. Na matso na raɗa mata, "Ke, aiki ya tsira! Ciro biro, shashasha!"

Ta ciro biron, ta dube shi, ta mai da shi jaka. Ta miƙe tsaye.

"Ba zan rubuta kowa don tsorona ba," in ji ta. "Wallahi ba ni da wani baki. Rashin iya magana ne, na faɗi abu ban ce Allah ya kiyaye ba, ku yafe mini. Abin nan da nake talla, irin gudummawar da muke wa juna ce a biki. Kowa ta kawo ɗan abin da ta iya a tara, wadda Allah ya jarraba, Allah ya kiyaye, Allah ya tsare, ba fata nake ba, sai a share mata hawaye daga ciki. Wadda ta gane tana so, ga ni. Wadda tsoro ya kawo, ta koma ta zauna, ba abin da zai sami agwagwarta. In aikin ne ya tafi, ya tafi."

Kai, na so in make ta! Mata suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, har da mai agwagwa. Ina kallon rigar nan tana kama hanyar Kano.

Sai wata murya ta taso daga kan kujera a ƙofar ɗaki. Hajiya Uwaliya ce, ashe tana wajen tun ɗazu. Ta ce, "Ku bar ɗaukar alhakin yarinya. Injina tun bara yake yoyon mai, mai gyara ya gaji da yi mini magana, ni ce na yi ta cewa gobe. Da na saurare ta ranar nan, da ban sayar da sarƙata na sayi wani ba. Zo nan, 'yar ƙawata, rubuta sabon. Amma fa ki fara da Allah ya kiyaye."

Gida ya ɗauki shewa. Hajiya Zinnira ta ce ita ma a rubuta sunanta, yanzu ta gane, amma duk da haka a daina kallon firizar. Wasu suka dawo, ba duka ba, daidai waɗanda suka sa manaja ya bar mata rigarta. Yanzu a kowane biki daga Gwarzo har Kabo za ka same ta, kuma addu'ar tsarin da take jerowa kafin ta shiga bayani ta fi bayanin tsawo.

Ranar dai, kafin mu tashi, Hajiya Uwaliya ta karɓi jaririyar da hannunta ta ɗora wa Sa'ada a cinya. Sa'ada ta buɗe baki za ta sa albarka, tsakar gida ta yi tsit, sai kuka ya ƙwace mata. Jaririya kuwa ta tsula mata fitsari a kan koriyar rigar kamfani. Har muka iso Gwarzo ba ta yarda ta cire ta ba.